Gangaren da Ambros Zangerl Ya Zaɓa

Ambros Zangerl shekararsa saba'in da ɗaya a duniya, talatin da takwas daga ciki ya yi su ne yana rufe wa mutanen Oberlahn hanya. Ƙauyen yana can ƙuryar wani kwari a Tirol. Hanyar mota ɗaya ce tak take shigarsa, ita kuma ta bi ta ƙarƙashin gangare huɗu da kan tara dusar ƙanƙara duk hunturu, har ranar da za su gaji da riƙo su sako ta. Don haka akwai kwamitin mutum uku da ke fita kowace safiya ya duba dutse, ya ce a buɗe ko a rufe. A takarda mutum uku ne. A gari kuwa, in aka tarar an gitta ƙarfe a hanya, cewa ake yi Ambros ya rufe.

Shi kafinta ne, kuma ba a taɓa dawo masa da ƙofa ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ƙanƙara ta zaftaro ta binne yayansa Matthias da motar madarar da yake tuƙawa, a ranar da kowa ya ce gari ya yi kyau. Tun daga nan Ambros ya daina yarda da ƙanƙara. Da ya ga rashin yardar yana yi masa aiki, sai ya faɗaɗa shi ya haɗa da mutane. Bai yarda da mai hasashen yanayi na rediyo ba, bai yarda da duk wanda ya gaishe shi sau biyu a yini ɗaya ba. Matarsa Notburga, kafin ta rasu, takan ce ita kaɗai ce a kwarin nan mijinta ke soka cokali a miya ya ji abin da ke ƙasa kafin ya sha.

A hunturun bara ya rufe hanya kwana uku cur a watan Fabrairu, daidai makon da otel-otel suka cika da baƙi, kuma ko ƙwallo ɗaya bai gangaro ba. Masu otel ba su ce masa komai ba. Magajin gari, Gotthard Pfeifer, shi ma bai ce komai ba, sai dai a wani taro ya gode wa "dattawanmu da suka daɗe suna ɗawainiya", ya kuma juyo ya yi wa Ambros murmushi. Wa'adin kwamitin shekara biyar ne, kuma a watan Satumba majalisar gari za ta zauna ta naɗa sabo. Ambros ya san lissafin watanni.

Ana nan, ran wata Lahadi a watan Yuli, ana tsakiyar yankan ciyawa, sai ga ɗansa Kilian da kwanon dunƙulen burodi a romo wanda matarsa ta dafa. Kilian shekararsa arba'in da biyu, kuma akawu ne a ofishin magajin gari. Ya ajiye kwanon, ya ajiye takardun jirgi biyu a gefensa.

"Baba, ka taɓa cewa kana son ka ga hunturu biyu a shekara ɗaya."

"Yaushe na faɗa?"

"Ina aji uku."

"Sai ka ajiye maganar shekara talatin da uku, yanzu ta nuna?"

"Chile za mu, wata mai zuwa. Can yanzu suke tsakiyar sanyi. Kwana goma, ni da kai, mu yi zamiya a kan ƙanƙara mu dawo."

Ambros ya ɗaga murfin kwanon ya leƙa, ya mayar. "Wa ya aiko ka?"

"Haba Baba. Sai an aike ni kafin in fita da ubana?"

"Zuwa yau dai haka ake yi."

Bayan Kilian ya tafi, Ambros ya zauna ya jera abin kamar yadda yake jera katako. Majalisa tana son ta san ko har yanzu yana iya dutse. A Satumba za ta zauna. A Tirol babu ƙanƙara kafin Satumba. To tun da ƙanƙara ba za ta zo wurin tsoho ba, sai a ɗauki tsoho a kai shi inda take, a haɗa shi da akawu mai iya rubuta rahoto. Dabarar har ta ɗan burge shi, don bai zaci Gotthard yana da wannan basirar ba.

Ƙin zuwa kuwa amsa laifi ne. Sai ya shiga shiri. Kullum da sassafe yakan hau tudun bayan gidansa da jaka cike da guntayen katako, ta hanyar da ba a hango ta daga ofishin magajin gari. Ya goge katakan zamiyarsa, ya shafa musu kakin zuma. Ya kuma ji an ce irin waɗannan masu binciken da kwanan wata suke farawa, don haka ya riƙa bitar kalanda kamar mai shirin jarrabawa.

A cikin jirgi, bayan sa'o'i da yawa a sama, Kilian ya farka yana mutsuke ido, ya ce, "Wai yau wace rana ce ma?"

"Talata, sha biyu ga Agusta. Sunan kakar Gotthard ta wajen uwa Kreszenz. Akwai saura?"

"Baba, lafiyarka kuwa?"

"Rubuta haka."

Masaukinsu gidan katako ne a tsaunukan Andes, tafiyar sa'a huɗu daga Santiago, wata mata mai suna Eliana ke riƙe da shi. Sun iso ana zuba ƙanƙara, aka kuma yi kwana uku ana zubawa. Girgije ya sauko ya zauna a kan rufin, ba a ga rana ko sau ɗaya ba. Baƙi suka zauna gindin murhu suna shan miyar kaza da masara. Ambros ya zauna inda yake ganin kowa, bayansa a bango.

Abin da ya gani kuwa ya ishe shi. In ya sauko daga bene, idon Kilian yana kan gwiwarsa. In ya sunkuya ɗaure takalmi, Kilian ya taso zai taimaka. Ga kuma waya, kullum yatsa yana kanta.

"Wa kake rubuta wa haka?"

"Heidrun."

"Shekara goma sha biyar da aure, me ya rage ba ka gaya mata ba?"

"Tambaya take ko kana cin abinci."

"Ita ma ta shiga kwamitin ke nan."

Kilian ya yi dariya. Ambros ya lura dariyar ta makara da kamar daƙiƙa ɗaya.

A safiya ta huɗu ƙanƙara ta tsaya, girgije kuma bai ɗaga ba. Ambros ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya ɗora kamfas ɗinsa a kai. A Oberlahn yaro tun kafin ya iya karatu ya san dutse gefe biyu gare shi. Akwai gefen rana, mai kallon kudu, inda zafi ke narkar da ƙanƙara da yini, sanyi ya daskarar da ita da dare, har ta kama jikinta ta zauna. Akwai gefen inuwa, mai kallon arewa, inda ta ƙasa ke zama warwas kamar sukari, sabuwa ta zo ta kwanta a kai tana jiran wanda zai taka. Bayan an kwana uku ana zuba, mai hankali gefen rana yake bi. Ambros ya bi taswira da yatsa, ya sami wani faffaɗan gangare bayan tudun da ke saman masaukin, yana kallon kudu sak. Ya zana masa da'ira da fensir.

Ƙanin Eliana, wanda ke duba dutsen nan kowace safiya, yana zaune a tebur na gaba yana shan shayi. Taku uku ne tsakaninsu. Da a wani mako ne, da Ambros ya je ya zauna kusa da shi ya nuna masa da'irar, don ba ya jin kunyar tambayar ɗan gari. Amma a wannan makon, gaban akawun Gotthard, tambaya daidai take da sa hannu a takardar murabus. Ya naɗe taswirarsa.

"Ina muka nufa?" in ji Kilian.

"Inda na nufa."

Suka manna fatun hawa masu hana sulɓewa baya a ƙasan katakansu, suka kama tudu. Ambros a gaba, Kilian taku goma a baya, kamar yadda ya koya masa tun yana ɗan shekara huɗu. Ambros ya ja tafiyar fiye da yadda ya saba. Sau biyu ya ji numfashin ɗansa yana sama-sama, sau biyun kuma ya ƙara sauri. Cikin sa'a biyu suka hau ƙoƙuwar tudun. Gangaren yana shimfiɗe a ƙasansu, fari fat, babu sawun kowa, ƙarshensa ya ɓace cikin hazo. Ambros ya duba kamfas. Kudu.

Ya shiga a karkace, taku ashirin, talatin. Sai ya yi abin da hannunsa ke yi ko bai sa shi ba: ya juya sandarsa ya soka. Ta ratsa sabuwar ƙanƙara da ɗan nauyi, ta fasa wani siririn ɓawo, sannan ta faɗa kamar an buɗe mata rami. Ya zaro, ya matsa taku biyu, ya sake sokawa. Haka dai. Kafin ya ɗaga kai sai ya ji wani gum a ƙarƙashin ƙafarsa, can ciki, duk filin ya ɗan zauna, wata siririyar tsaga ta fita daga bakin katakonsa ta yi gaba har inda ido ba ya kaiwa.

Ya san wannan ƙanƙarar. Ta gefen inuwa ce, wadda rana ba ta taɓa ba tun farkon hunturu. Ya ciro kamfas da hannu ɗaya. Allura ta ce kudu gangaren yake kallo. Hannunsa ya ce inuwa, allura ta ce rana, kuma a cikin shekara hamsin ba su taɓa saɓawa ba. Hannu ba ya ƙarya, allura ba ta ƙarya. Saura abu ɗaya ke nan, wanda ke tsakaninsu: kansa. Ya tuna mahaifinsa a ƙarshen rayuwarsa, tsaye a garke yana kiran shanu da sunayen waɗanda aka yanka tun kafin yaƙi. Ashe haka abin yake zuwa, ba sallama. Ashe Gotthard ya riga shi gani.

Bai juya kansa ba. Ya ce a hankali, "Kilian, tsaya inda kake."

"Me ya faru?"

"Kada ka matso. Juya a kan sawunka, kada ka taka sabon wuri. Sai ka kai tudu zan taso."

Ya tsaya yana sauraron katakan ɗansa suna komawa, taku ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa jin taku talatin masu tsawon waɗannan ba. Da ya ji shiru, shi ma ya juya, ya dawo kamar mai tafiya a kan rufin da ya ruɓe.

A kan tudun suka zauna bisa wani dutse da iska ta share. Wajen tsakar rana girgije ya yi shara-shara, wani farin faifai ya bayyana a cikinsa, ya ƙara haske, har inuwarsu ta fito. Ambros ya dubi inuwarsa. Ta miƙe ne ta gangara cikin gangaren da suka baro. Ya waiwaya. Rana tana bayansa, a arewa, tana zaune abinta kamar can aka haife ta.

Ya san wannan. Tun a makarantar firamare malaminsu ya nuna musu da lemo da kyandir cewa a rabin duniya na kudu rana ta arewa take bi. Da an tambaye shi a jirgi, da ya ba da amsa har da sunan malamin. Ba a tambaye shi ba. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Oberlahn kawai ya ɗauko a kai, ya tsallaka teku da ita, ya kife ta a kan dutsen mutane.

Daɗin bai daɗe ba, don wani tunani ya biyo baya. Ya juya ga Kilian.

"Tun yaushe ka sani?"

"Na san me?"

"Kar ka yi mini akawu a nan. Ka ga na zana da'ira a gefen inuwa, ka yi shiru. Ka bar ni in shiga don ka sami abin rubutawa. To ka samu. Sai dai da ƙanƙarar ta sako, ban san wa zai kai rahoton ba."

Kilian ya dube shi. Fuskarsa ta yi fari kamar gangaren, kuma sai yanzu Ambros ya lura ya kasa buɗe butar shayi.

"Baba, ni ban duba komai ba."

"Taswirar da ke cikin wayarka fa? Mai launi-launi, wadda ka ce ta fi tawa?"

"Ban buɗe ta ba."

"Don me?"

"Kai ne a gaba."

Ambros ya nemi ƙarya a fuskar, ya duba ko'ina, kamar mai neman tsaga a allo. Bai samu ba. Ya karɓi butar ya buɗe, ya miƙa masa.

"Gotthard bai ce ka duba ni ba?"

Kilian ya kurɓi shayi. "Ya ce in mun dawo in gaya masa yadda ƙafarka take."

"Ƙafa."

"Ƙafa ya ce. Bayan na riga na sayi tikiti ne. Tafiyar tawa ce, Baba."

"Me ka rubuta masa?"

"Babu. Yau da na yi niyyar in ce ba na iya cim maka a tudu."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ma gaskiya ce."

Ko haka ne, ko ba haka ba, Ambros bai sani ba, har yau kuma bai sani ba. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Ya yi wata guda yana shirin tafiya da ɗan leƙen asiri, kuma da ɗan leƙen asirin ne, da ya yi masa amfani. Mai neman kuskurenka ai taswira yake buɗewa. Wanda ya zo da shi mutum ne mai shekara arba'in da biyu da 'ya'ya biyu, da ya bi shi cikin gefen inuwa ido rufe don kawai shi ne a gaba. Sai tunaninsa ya koma kan abokan kwamitinsa, Meinrad mai gidan burodi da Luggi direban motar share hanya. Ya yi ta laluben safiya ɗaya da ɗayansu ya ce wani abu ban da "yadda Ambros ya ce". Ya koma baya shekara ashirin bai samu ba.

Da suka sauko, ya wuce kai tsaye teburin ƙanin Eliana, ya shimfiɗa taswira, ya nuna da'irar. Mutumin ya dubi da'irar, ya dubi Ambros, ya ɗaga ido sama ya yi alamar gicciye. Sauran kwanakin a gangaren arewa suka yi su, cikin rana. Kilian ya faɗi sau biyu. Ambros bai faɗi ba, ya kuma tabbatar an lura.

A zaman majalisa na Satumba, kafin a zo kan batun kwamiti, Ambros ya miƙe ya nemi magana. Ya ba da labarin duka, da da'irar, da sandar, da tsagar, bai rage komai ba. Ya ce mutumin da ya kai ɗansa gefen inuwa bayan kwana uku ana zuba, ya kamata majalisa ta yi tunani kafin ta sake damƙa masa hanya. Ya zauna yana jiran hukunci.

Ɗakin ya fashe da dariya. Gotthard ya share hawaye ya ce, "Kun ji ko? Ko kuskure Ambros zai yi, sai ya je ƙarshen duniya, kuma shi da kansa zai kama kansa." Aka ɗaga hannu. Goma sha ɗaya cikin goma sha ɗaya, har da masu otel biyu. Ambros ya bi hannuwan ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya yi jinkiri. Babu. Ya koma gida yana juya abin, har ya kai ga cewa mai yiwuwa ba wanda ke son sunansa ya maye gurbin nasa a bakin mutane ranar da aka gitta ƙarfe. Wannan bayanin ya fi kwanta masa a kan a ce ƙauna ce.

Ƙanƙarar farko mai nauyi ta sauka a ƙarshen Nuwamba. Da gari ya waye mutum ukun suka haɗu a bakin ƙarfen, ƙarƙashin gangare na farko. Motar haya ta safe tana tsaye a bayansu da injinta a kunne. Meinrad ya hura hannuwansa ya ce, "To, Ambros?"

"Ku fara."

"Mu fara me?"

"Ku ne kwamiti. Ku faɗa."

Luggi ya dubi Meinrad. "Ko dai Chile ɗin nan ta taɓa shi ne?"

"Tsoho, in zazzaɓi kake ji ka faɗa, mu kai ka gida," in ji Meinrad.

Ambros ya zuba hannu a aljihu yana kallon su. Minti biyar suka wuce. Direban motar haya ya danna ƙaho. A ƙarshe Meinrad ya yi tsaki, ya karɓi sandar Luggi, ya hau gefen hanya yana nishi, ya soka nan, ya soka can. Ya tambayi Luggi daga ina iska ta kaɗa jiya. Luggi ya ce yamma, ya sake cewa a'a, arewa maso yamma, don ta cika masa madubin motarsa na dama da ƙanƙara. Meinrad ya sauko da ƙanƙara har gwiwa.

"Ni dai, a rufe?"

"Tambayata kake, ko faɗa kake?"

Meinrad ya ɗan saci kallonsa. "Faɗa nake."

"Luggi?"

"A rufe zuwa tsakar rana, mu sake dubawa."

Aka gitta ƙarfe. Shi ma Ambros rufewa zai ce, kuma wannan ne ya hana shi sakewa. A hanyar komawa ya yi ta tuna wannan satar kallon. Shekara ashirin mutum yana tsaye kusa da kai, ai ya haddace girarka. Daga sanda Meinrad ya samo amsarsa, ko daga fuskar Ambros ya karanto ta? Babu yadda za a yi ya sani.

Washegari da suka haɗu a bakin ƙarfe, ya gaishe su, ya juya musu baya yana kallon kogi, ya ce su fara.